Ku Tambaya, Mu Amsa: Masanin Tarihi Ya Kwanta Dama, Ina Za a Kai Takardunsa?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan hanya ɗaya suka biyo: tunawa da marigayi Farfesa Djibo Hamani, Allah ya jiƙansa, da kuma abin da ya kamata a yi da kayan da masu tara tarihi suke bari a bayansu. Malaman tarihi da ma'aikatan adana takardu na Yamai da Tahoua ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Kullum sunansa muke rubutawa a saman takardunmu, amma da za a ce in faɗi abin da ya rubuta, sai dai in yi shiru. Wane ne shi, kuma da wane littafi zan fara?

Amsa: Ƴarmu, ba ke kaɗai ba ce, kuma gara da kika tambaya. Djibo Hamani ɗan Tahoua ne, an haife shi a 1943, ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Cibiyar bincike ta IRSH ce ta buga manyan littattafansa biyu na farko cikin jerin da ake kira Études nigériennes.

Fara da na gida. A 1975 ya fitar da littafinsa kan Adar, ƙasar da Tahoua take ciki, kafin zuwan Turawa, wanda aka fi sani da L'Adar précolonial, lamba 38 a wannan jeri. A ciki za ki tarar da Azna da yadda suka zauna a duwatsu da kwaruruwan ƙasar, da zamanin da Kabi take da iko a kanta, da yaƙin 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabawa. Agabba ya hau sarautar Agadas daga baya, aka tuɓe shi a 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan sarautar da ya fara zama a Birnin Adar kafin ya koma Illela. Sai ƙarni na 19 da rigingimunsa: jihadin Muhammadu Jelani, da ƙabilun Abzinawa na Kel Geres da Iwillimmedan. Wanda ya tashi tsakanin Bouza, Keita, Tamaske da Ƙonni zai riƙa cin karo da sunayen garuruwan da ya sani, kuma wannan shi ke riƙe mai karatu har ƙarshe.

Na biyu shi ne na 1989 kan daular Ayar, wato sarautar Agadas da ta kafu wajen 1405, lamba 55 a jerin. Ya fi na farko girma da nauyi, kada ki gaggauta masa. A nan ne za ki fahimci dalilin da ya sa ba a iya raba tarihin Hausawa da na Abzinawa, tun da Gobirawa kansu sun zauna a Ayar kafin su gangaro kudu. Sai na 2007 kan Musulunci a Sudan ta Tsakiya, wato yankin Nijar, ba ƙasar Sudan ta yau ba, daga ƙarni na 7 zuwa na 19.

Ki riƙe taswira da fensir a gefe, domin sunayen wurare da rubutun Faransanci suke, wani lokaci sai kin furta da ƙarfi kafin ki gane garin kakanninki ne. Kada kuma ki tsallake ƙananan bayanan ƙasan shafi. A can ne yake nuna inda ya samo kowace magana, kuma a ganinmu a can sana'ar take.

Tambaya: Mahaifinmu tsohon mushen lakkol ne a Illela. Bayan ya yi ritaya ya shiga ƙauyuka yana tambayar tsofaffi tarihi. Ya rasu ya bar adaka biyu cike da kaye, da takardu warwatse, da wasu rubuce-rubucen Larabci da ajami na kakanmu. An yi sadakar arba'in, yanzu ana maganar rabon gado. Me za mu yi da su?

Amsa: Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kun tambaya a kan kari, domin irin waɗannan kaya ba gara ce ta fi cinye su ba, watannin farko bayan rasuwa ne: mai shara ya ƙone abin da ya ɗauka tarkace ne, wani ya ara bai mayar ba, rabon gado ya watsa sauran.

Maganar gadon tukuna. Littafin da aka buga kaya ne kamar kowane, a raba. Amma kaye talatin da suke bin juna, idan kowane magaji ya ɗauki uku, kowa ya tashi a tutar babu. Ku roƙi malamin da zai yi rabon ya yi wa tarin ƙima gaba ɗaya, mutum guda ya karɓe shi cikin rabonsa, ko kuwa magada su yarda a bar shi waƙafi. Idan akwai marayu ƙanana, ba a kyautar da rabonsu, sai a ƙiyasta a biya su. Duk abin da aka tsayar a rubuta, shaidu su sa hannu.

Sannan a kulle adakun, mutum ɗaya ya riƙe makulli, a kuma daina bayar da aro ko ga wa. Kada ku fara da tsarawa. Wannan ne kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi: su zazzage komai a tabarma, su ware na Larabci gefe, na Faransanci gefe. Yadda marigayi ya jera kayansa shi ma bayani ne; takardar da ba ta da kwanan wata, maƙwabciyarta ce za ta faɗa muku shekararta. Ku ɗauki hoton adaka a buɗe, ku fitar da kaya ɗauri-ɗauri yadda suke, kowane ɗauri ya samu lamba: A1, A2 na adakar farko, B1, B2 na ta biyu. Da fensir mai laushi ake rubuta lambar, a jikin farar takardar da za ta naɗe ɗaurin. Bik ba ya gogewa, kuma tawadarsa tana ratsa takarda. A wani kaye sabo ku rubuta lamba, yawan ganyaye, harshe, batun da ake magana a kai, sunan gari, da shekara in akwai.

Ƙura a share ta da buroshi mai laushi, a inuwa, daga tsakiyar shafi zuwa baki. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Tawadar gargajiya ta gawayi da ƙaro ce, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke layi. A cire duk ƙarfen da aka maƙale takardu da shi, domin tsatsa tana cin wurin, a cire robar ɗauri domin zafinmu yana narkar da ita ta manne. Wurin da ya yage a bar shi yadda yake, a sa shi cikin farar takarda ninki biyu. Ledar manne da ake liƙa yagaggen kuɗi da ita, bayan ƴan shekaru takan bushe ta faɗi, ta bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Haka nan kada wani mai shagon fotokofi ya ruɗe ku da cewa zai rufe muku su da leda mai zafi. Abin da aka yi wa haka ba ya gyaruwa.

Rubutun kakanku yana son kulawa ta daban. Irin waɗannan ganyaye ne sake, ba a ɗinke su, ana sa su cikin tadarishi, wato bangon fata, a zura a gafaka. Idan sun hautsine, duba ƙasan bayan kowane ganye: marubuci yakan rubuta kalmar da ganye na gaba zai fara da ita, da ita ake mayar da jeri. Ganyen ƙarshe ya fi kowane daraja, domin a nan ake samun sunan mai kwafa, wani lokaci da gari da shekara. Ku ɗaga ganye ɗaya ga haske. In kun ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, wannan takardar Italiya ce da fatake suka riƙa shigowa da ita ta hamada, musamman a ƙarni na 19. Ba ta ba da shekara daidai, amma tana nuna abin ba na jiya ba ne.

Wurin ajiya: ɗakin da ba ya yoyo, ba kusa da madafa ko makewayi ba. Adaka ta hau kan benci ko bulo, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, kuma kada ta jingina da bango, ta nan gara take hawa. Ta ƙarfe ta fi ta katako wajen ɓera da gara, sai dai kada rana ta taɓa ta. Kada a ɗaure takardu cikin leda na tsawon lokaci, domin da damina ta sauka laima tana taruwa a ciki, kuma da danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari hunhuna ke tsirowa. A buɗe a duba sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan kaka. Idan kun ga ƙwari masu rai, kada a fesa maganin sauro a kan takarda. A sa ɗaurin a leda a rufe ruf, a saka a firiji mai daskarewa da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri na tsawon mako biyu, a fito da shi a bar shi yini da kwana ba a buɗe ba. Wannan sai inda wuta ta tsaya. Inda ake yawan ɗauke ta, narkewa da sake daskarewa ya fi ƙwarin ɓarna, gara a ware ɗaurin a share shi ganye-ganye.

Hoto kuwa waya mai kyau ta isa, in an kafa ta a kan wani abu ta kalli ƙasa sak, da hasken taga, ban da walƙiyar kyamara. Kowane ganye gaba da baya, har wanda ba rubutu, da lambar ɗauri a gefe. In da na'urar sikana ce, kada a yi ƙasa da 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, kuma da launi. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a wani gari dabam.

In kun ga riƙon ya fi ƙarfinku, sashen rubutun Larabci da ajami na IRSH a Yamai aikinsa ke nan. Tushensa tarin da marigayi Boubou Hama ya fara, kuma yau yana riƙe da dubban rubuce-rubuce. Ku bambanta kyauta da ajiya: a kyauta mallaka ta bar hannunku, a ajiya tana nan. Ko wanne kuka zaɓa, kada kaya su fita gida sai da jerin da aka ƙirga da takardar karɓa mai hatimi.

Tambaya: Ina aiki a wani gidan rediyon al'umma a jihar Tahoua. Iyalin wani marigayi sun kawo mana kaset kusan sittin na hirarrakinsa da tsofaffi da makaɗan fada, suna son mu sa a iska don tunawa da shi. Na gwada ɗaya, rakoda ta tauna zaren. Yaya zan yi da sauran?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da sauran tukuna. Tsohuwar kaset a ɗauka sau ɗaya za ta juya lafiya, don haka juyin farko ya zama shi ne na kwafa.

Kafin komai, a saman kowace kaset akwai ƴan harsuna biyu na roba. Ɓalle su, yadda ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba za ta goge ba. Ba kowace lamba, ka ɗauki hoton duk abin da aka rubuta a jikinta da kwalinta, domin sau da yawa sunan mai magana da garinsa a nan kaɗai suke. Zura bik a ramin ka juya a hankali: in ta yi tauri, zaren ya manne ko gidan ya lanƙwashe da zafi. Leƙa ƙasan zaren a tsakiya, akwai ɗan soso da ke danna shi ga kan rakoda. Yakan faɗi, murya ta fito a dushe. Maganin duka biyun ɗaya ne: a samo kaset mai kyau wadda ake kwancewa da sukurori, a mayar da zaren cikinta. Wadda ta yi fari-fari da hunhuna a ware ta, kada ta shiga rakoda ta shafa wa sauran.

Taunawar da ka gani, galibi laifin rakoda ne: ƴar tayar robar da ke jan zare ta bushe ko ta yi datti. A goge kan rakoda da sandar ƙarfen da ke juyawa da auduga da alkol, a bari ya bushe, a gwada da kaset marar amfani. A sake gogewa bayan kowace tsohuwar kaset biyu ko uku. Kada a yi aiki da batir: zare yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, batir yana yin sanyi gudun ya ragu, muryar tsoho ta yi kauri, kiɗa ya sauka daga inda yake.

A haɗa rakoda da kwamfuta da waya, ba a kara makirfo a bakin lasifika ba. A saita kwamfuta ta ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, 48 kHz, bit 24. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya. Kaset C60 minti 30 ce kowane gefe, C90 minti 45, ka ga sittin ko da duk C90 ne wajen gigabait 90 za su ci, faifai ƙarami ya ɗauke. C120 zarenta siriri ne ƙwarai, ita ta fi tsinkewa, a bar ta ƙarshe. Kowane gefe ya zama fayil guda, ba yankewa, ba rage ƙara. Daga wannan fayil na asali, wato uwar, ake fitar da MP3 don rediyo. Abin da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ba ya zama uwa. Kaset ɗin kuma kada a zubar, a jera su a tsaye, nesa da lasifika da rana.

Abu ɗaya da ba na na'ura ba: saurari kowace hira har ƙarshe kafin ta hau iska. Tsoho yakan faɗa wa mai bincike maganar asalin wani gida, ko bauta, ko rikicin gona, bisa amana. Jikokin waɗanda aka ambata suna nan suna sauraronku. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa tun 1968 don tara tarihin baka, ta san wannan aiki, ku nemi shawararta.

Tambaya: Mu tsofaffin ɗaliban marigayi Farfesa Djibo Hamani ne, muna son shirya ranar tunawa da shi a Yamai. Me ya kamata ta ƙunsa?

Amsa: Malamai, a fara da iyali: a je gida a gaisa, a nemi yardarsu da ranar da ta yi musu, kuma idan sabuwar rasuwa ce a tuna mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma. A buɗe da addu'a. Daga nan, ra'ayinmu shi ne a rage jawaban yabo. Mutum goma su tashi kowa ya ce marigayi bango ne ya faɗi, a watse ba wanda ya ƙaru. Gara mutum uku, kowa minti 20, kowa ya ɗauki littafi ɗaya ya faɗi abin da ya kawo sabo da inda bincike ya wuce shi. Masani ba ya jin haushin gyara. Ɗaya daga cikin ukun ya yi da Hausa. A buga cikakken jerin rubuce-rubucensa a raba, a ɗauki muryar taron, kuma kuɗin da za a kashe a riguna masu hoto a sayi littattafansa a kai ɗakunan karatun makarantu. An sa wa jami'ar Tahoua sunansa, ta Damagaram kuma sunan André Salifou, wannan karramawa ce babba. Saura littattafan su isa hannun ɗalibai.

Tambaya: Abin da kakana ya gaya mini game da kafuwar garinmu ya saɓa da abin da aka ce Farfesa ya rubuta. Wa zan gaskata?

Amsa: Ɗanmu, "aka ce" ɗin nan ita za ka fara kawarwa, nemo shafin ka karanta da idonka. In saɓanin gaske ne, ba abin tashin hankali ba ne, haka tarihin baka yake. Gidan sarauta yana da ruwayarsa, gidan Azna masu ƙasa suna da tasu, malamai da maƙera da makaɗa kowa da tasa, kuma kowace tana kare wani haƙƙi: sarauta, ko gona, ko rijiya. Aikin masani shi ne ya jera su ya gwada da rubutattun majiyoyi, irin tarihohin Agadas, da rubuce-rubucen malaman Sakkwato, da rahotannin Turawan mulki da ke gidan adana takardun ƙasa a Yamai.

Kai ma kana iya yin haka. In kakan yana raye, ɗauki muryarsa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, domin a taro babba ke magana saura su gyaɗa kai. A farkon ɗauka ka faɗi rana, gari, sunansa, da wanda ya ji labarin daga gare shi. Kada ka karanta masa abin da ke littafi kafin ya gama, in ba haka ba gobe littafin zai maimaita maka. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, ka dawo bayan mako ka sake tambaya ta wata fuska. Kada ka ce "wace shekara?", ka ce "kafin me, bayan me?" Akwai turaku da aka san shekarunsu: ɓarnar Voulet da Chanoine a Ƙonni 1899, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, yaƙin Kawusan 1916 zuwa 1917, soke aikin tilas 1946, ƴancin kai 1960, farin 1973 zuwa 1974 da hawan Seyni Kountché, farin 1984. Abin da ya wuce waɗannan a baya, a ƙirga kakanni, a ba kowane tsatso shekara 25 zuwa 30, tare da sanin cewa jerin sarakuna yakan tsallake waɗanda aka tuɓe ko suka yi gajeren mulki, sai lissafi ya fito gajere. Sannan ka je wani gida da ba naku ba ka ji tasu.

Tambaya: Ina son in fassara littafin Adar zuwa Hausa in riƙa sawa a Facebook babi-babi. Tun da marubucin ya rasu, ai ba laifi ko?

Amsa: Niyyar ta yi kyau, Malam, kuma ana bukatar aikin, amma haƙƙin marubuci ba ya bin sa kabari, yana komawa ga magada na tsawon shekaru masu yawa, mawallafi ma yana iya samun nasa. Fassara cikakkiya sai da izini a rubuce daga iyali da kuma IRSH da ta buga shi, kuma ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, zai nuna maka yadda ake tsara takardar. Abin da ba ya bukatar izini shi ne ka ba da labarin da bakinka, ka ambaci littafi da shafi, ka ɗauko gajeren yanki in da bukata.

In izinin ya samu, kafin ka fassara layi ɗaya ka yi jerin sunayen mutane, garuruwa da sarautu, ka tabbatar da furucin kowane a bakin mutanen wurin, ka tsayar da rubutu ɗaya da za ka bi har ƙarshe. Ka bar lambobin shafin asali a gefe don mai son ya koma ya duba, kada ka zubar da bayanan ƙasan shafi, kuma kowane babi ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya fita: malamin tarihi, da wani dattijon Adar da za a karanta masa a ji inda ya ɗaga kai.